Murar Baba a Hanyar Dungas

Tun da muka dawo daga Nijar ba ku bar ni na huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har Malama Talatu ta biyo ni bakin famfo wai in gaya mata ko gaskiya ne mahaifina ya kamu da mura a tsakiyar bazara. Gaskiya ne. To ku gyara zama in ba ku labarin tun daga tushe, wadda kuma ta sake tambayata bayan yau sai ta je tasha ta hau mota ta gano wa idonta.

Da Yaya zan fara, domin saboda shi aka yi tafiyar. Shi ne ɗan farin Baba, ni ce auta. Shekarun baya, ana tsakiyar noma, ya ajiye fartanya a gonarmu ta Gwaram ya ce shi fatauci zai yi. Baba ya ce in ya fita kada ya sake ganin ƙafarsa a gandu. Yaya ya fita, ya yi arewa, ya zauna a Dungas cikin ƙasar Damagaram yana sayen wake da dabbobi, har ya yi aure a can. Yakan aiko da saƙo, Inna ta karɓa, Baba ya kau da kai. Dama uba ba ya kiran sunan ɗan fari, to Baba ko "yaron nan" ya daina cewa.

Rannan sai ga wani direban motar wake a ƙofar gida da ƙullin goro da dabino. An yi wa Yaya haihuwa, namiji, ranar Juma'a suna, kuma sunan Baba za a sa wa yaron. Duk wanda ya ji ya gane Yaya ne ya durƙusa daga nesa. In Baba ya je, magana ta wuce. In bai je ba, Yaya zai ɗauka an mayar masa da roƙonsa, kuma na san zuciyarsa, irin ta Baba ce, ba zai sake roƙo ba. Washegari Baba ya aiko Birnin Kudu a tambaye ni ko motar maigidana tana nan lafiya. Da na ji haka sai da na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida.

Kun dai san motar Malam, doguwar nan mai ruwan toka. Ya saye ta lokacin da aka ba mu Jihar Jigawa aka dawo da aikinsa gida daga Kano, kuma ko a lokacin ta sha jiki. Tana da esi, na'urar sanyin nan, amma tun kafin ta zo hannunmu ya mutu, a maɓallinsa ma Malam ke rataya carbi. Shekara da shekaru muna sauke gilashi mu sha iskar Allah, ba wanda ya narke. Amma da aka ce surukinsa zai shiga motar karo na farko, sai bawan Allahn nan ya rasa sukuni.

"Malama," ya ce da ni, "dattijo kamar Baba, cikin wannan zafin, har Nijar? Ai sai an gyara esi."

"Malam, motar nan da ƙyar take ɗaukar kanta. Ka ƙara mata aikin sanyaya mu, ina za ta sa kanta?"

"Ke dai ba ki san mota ba."

"Ni nake kiran mutane su tura ta da safe, wa ya fi ni saninta?"

Ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar masallaci, aka rabu biyu. Masu mota suka ce ya bar tsohuwa ta lallaɓa, waɗanda ko keke ba su da shi suka ce ai abin kunya ne a dafa suruki a hanya. Ya bi na biyun. Bakaniken bakin tasha ya je Kano ya samo kayan gyara na hannu, ya ɗura gas, ya rantse wa Malam cewa sai mun nemi bargo. Ranar Laraba da yamma aka kawo mota. Malam ya sa ni na shiga, ya rufe gilashi, ya cire carbi, ya murɗa maɓalli. Ta feso mana busasshen ganye da ɓawon gyaɗa da yanar gizo, da wani wari kamar an buɗe tsohon rumbu. Bayan nan sai ga sanyi, sanyi na gaske. Ya juyo ya kalle ni, kuma wannan kallon ya fi magana ba ni haushi.

Alhamis da sassafe muka nufi Gwaram ɗauko Baba. Muka tarar da shi a kan dakali cikin farar babbar riga, yana jan carbi kamar wanda ba inda za shi, alhali Inna ta raɗa mini tun asuba yake zaune a nan. Ita ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sai ta rama da kaya: daddawa, kuka, kanwa, garin kunun mai jego. Baba kuwa buhun dawa ya sa aka fito da shi, daga gonar nan da Yaya ya bari, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Da aka gama lodi bayan motar ya kusa taɓa ƙasa.

Tun da aka ɗaura mana aure, magana tsakanin Malam da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa a durƙushe ba. Komai ta kaina yake bi. Baba ya shiga gidan gaba, ni na maƙale a baya kusa da buhu, Malam ya ɗaga gilasai ya kunna abinsa. Kafaɗarsu tana kusan gogar juna, amma sai Baba ya ɗan juyo.

"Auta, ki ce masa Allah ya yi albarka."

"Malam, Baba ya ce Allah ya yi albarka."

"Amin, amin. Ki tambaye shi ko sanyin ya yi."

"Baba, wai ko sanyin ya yi?"

"Madalla," in ji Baba.

Malam ya fassara madallar nan da cewa a ƙara, ya murɗe maɓalli har ƙarshe. Abin da ban gaya muku ba shi ne, ƙofofin iskar duk a gaba suke. Ni a baya ko ɗigon sanyi ba ya zuwa mini, ga gilashi a rufe, ga warin daddawa. Kafin mu koma Birnin Kudu mu ɗauki hanyar Dutse, na jiƙe sharkaf.

Dutse muka wuce ta ba tsayawa, ko'ina gini, ko'ina motar yashi, garin da a da ake ratsa shi ba a sani ba yanzu ya zama hedikwata yana wani ɗaga kai. A Kiyawa muka tsaya shan mai. Baba ya fito a hankali yana dafa ƙofa, ya wuce inuwar da kowa ke ciki, ya je tsakiyar rana ya tsaya. Ya yafito ni.

"Auta, gwiwoyina sun sandare. Yatsuna ba na jin su."

"To Baba in ce ya kashe mana."

"Kada ki kuskura. Mutum ya yi ɗawainiya saboda ni, in ce ba na so? Ciro mini rawanina a jaka."

Ya naɗe kai da wuya, ido kawai ya bari. Da Malam ya gan shi sai ya matso kusa da ni yana murmushi, wai Baba ya fara shirin shiga ƙasar waje.

A Jahun kuma Malam ne ya ja ni gefe, fuskarsa duk gumi. Ya ce allurar zafin inji tana hawa, in an kunna esi ta tashi, in an tsaya ta sauka. Na ce to a kashe. Ya zaro ido ya ce Baba yana jin daɗinsa haka, shi zai katse masa? Dabararsa ita ce mu riƙa tsayawa inji ya huce, amma kada Baba ya san dalili, sai a ce ni ce nake son sayen wani abu.

Jama'a, ban taɓa cin abinci a rana ɗaya kamar ranar ba. Duk inda aka ga tire a bakin titi sai Malam ya taka burki ya ce, "Ki gaya wa Baba kina son rogo." Na ci rogo da ƙuli, na ci dafaffen ƙwai, na sha kankana, a Gujungu na ci awara ina hawaye. Malam ya ɓuya a gaban mota yana zuba mata ruwa, Baba kuma ya tafi can cikin rana ya tsaya wai yana duba ƙasar noman mutane. Har da ce mini, "Auta, ashe cikin nan naki bai canza ba tun kina yarinya." Na haɗiye, domin asirin mutum biyu nake riƙe da shi, kuma kowannensu yana ganin shi ne mai kirki.

Da la'asar muka shiga Maigatari, garin bakin iyaka, kuma ranar kasuwa ce. Shanu, tumaki, raƙuma, manyan motoci, kowa a kan titi. Muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, allura kuwa ta kai ƙarshen gidanta. Sai motar ta yi tari, ta yi wata ƙara, tururi ya turnuƙe daga gaba, ta tsaya cak a tsakiyar raƙuma. A nan haƙurina ya ƙare.

"Baba, tun Jahun injin motar nan ke tafasa saboda sanyin da ake yi maka, Malam ya hana ni faɗa. Malam, tun Kiyawa Baba ke rawar ɗari, rawanin nan ba na ado ba ne, shi ma ya hana ni faɗa. Ni kuma ban ce ina son rogo ba, ban ce ina son ƙwai ba, awarar nan ma tsami gare ta. Na ci ne don in rufa muku asiri, kuma na gaji."

Wani raƙumi ya sunkuyo yana leƙen mu ta gilashi. Malam ya cire hula ya rufe fuska da ita. Baba ya yi atishawa, ya sake yi, sannan ya fashe da dariyar da rabon in ji irinta tun Yaya yana gida.

"Malam," ya ce, kai tsaye, ba ta kaina ba, "da ka tambaye ni."

"Baba, ai na tambaya, ka ce madalla."

"To me zan ce?"

Aka tura mu gefe. Bakaniken da ya zo ɗan Nijar ne, su kilim suke ce wa esi. Ya ce tiyon ruwa ne ya fashe, sai an nemo wani. Kafin ya tafi nema ya kwance bel ɗin da ke juya kilim ɗin ya miƙa wa Malam, ya ce ya ajiye shi tarihi. Kafin a samo tiyo a ɗaura rana ta faɗi, ofishin da ke ba mota takardar ƙetarawa kuma ya tashi sai safe.

Wani fatoma, mai saukar da fataken shanu a gidansa, ya ga dattijo da rawani a tsaye ya ce wallahi ba a gabansa zai kwana a mota ba. Maza suka sauka a zaure, ni aka shigar da ni wajen matarsa, Hajiya Yalwa, mace mai faɗin jiki da faɗin zuciya, 'yar asalin Damagaram. Ta kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ga ni ba wurin sawa. Ta ba ni cuku, busasshen nono mai faɗi kamar faifai, na gatsa haƙorina ya kusa zama a ciki. Sai shayinsu, a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na kurɓa na ɗauka magani ne, na yi godiya zan tashi, ta riƙe mini zane ta ce a wurinsu ba a tashi sai an sha na uku, na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi. Na ce mu a Birnin Kudu shayi a babban kofi ake ba ka da burodi ka sha ka kama gabanka. Ta ce shi ya sa ba mu iya hira ba.

Cikin hirar ne ta gaya mini abin da ya kashe mini jiki. A can, in ji ta, ana idar da sallar asuba ake raɗa suna, kafin hantsi an yanka rago an watse. Mu kuwa ba za a buɗe mana hanya ba sai rana ta fito.

Na leƙa zaure bayan isha'i. Baba yana zaune, kwano a gabansa bai taɓa ba, hanci yana zuba, murya ta dishe.

"Auta, in muka tarar an watse fa?"

"Zai ga ka zo, Baba."

"Zai gani. Amma da asuba zai duba hanya a gaban surukansa, bai gan ni ba."

Tsoro ya kama ni sosai, na ji haushin esi, da bakanike, da majalisar ƙofar masallaci, da kaina da na yi shiru tun Kiyawa.

Da safe muna kan gaba a layi. Ɓangarenmu aka sallame mu ba ɓata lokaci. A ɓangarensu wani dogon jandarma, ɗan sandansu, ya karɓi takardu yana juya su a natse, sai Baba ya yi atishawa. Jandarman ya leƙo ya ce, "Tsoho, mura cikin wannan zafin?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce kilim ne. Jandarman ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da ya yi mura a bazara, suka yi ta dariya. Da na ce musu suna za mu, kuma takwara aka yi wa tsohon, sai dariya ta tsaya, ya buga hatimi ya ɗaga mana sanda da kansa, ya ce mu yi hanzari.

Hanzari a cikin yashi kuwa sai wanda ya gani. Ba mu yi nisa ba tayoyin baya suka nutse, buhun dawa ya danne su. Malam ya ce a sauke buhun, Baba ya ce ko shi za a bari a nan, buhun sai ya je. Ya tuɓe babbar riga ya kama turi. Allah ya kawo wani mai amalanke, ya kwance shanunsa ya ɗaura wa motar igiya, suka fisge ta kamar ba komai. Baba, duk da halin da ake ciki, sai da ya tsaya ya yaba shanun. Muka ci gaba gilashi a sauke, iska mai zafi tana dukan fuska. Ina kallon rana tana hawa, ina ji a raina mun makara.

Hantsi ya yi sosai muka shiga Dungas. Malam ya tambayi wani mai shago gidan Bagwarame mai sayen wake. Mutumin ya leƙo ya dubi lambar motar.

"Ku ne baƙin Nijeriya? Don Allah ku yi sauri. Tun asuba ya tsare mutane, ko karin kumallo ba a yi ba."

Muna shan kwana muka gani. Tabarmi cike da maza suna fifita da hula, liman a tsakiya, rago a ɗaure yana cin harawa. Daga baya aka gaya mini liman ya yi ta cewa a yi abin da ya tara mutane, Yaya yana cewa a ƙara haƙuri kaɗan. Ga shi can shi kaɗai a bakin hanya cikin rana, gemunsa har ya fara furfura. Ni na fara kuka tun mota ba ta tsaya ba.

Ƙofar gaban ta ƙi buɗuwa ta ciki, yashi ya shige ta. Yaya ne ya ja ta daga waje, ya zube a ƙasa kansa a sunkuye. Baba ya sauko. Bai dube shi ba, ya tsallake da idonsa can wajen ragon, ya ce da dasasshiyar murya, "Ragon nan ya yi." Sai hannunsa ya sauka a kan hular Yaya, ya zauna a nan. Hawaye suka gangaro suna shiga gemunsa, ya kama bakin rawani yana sharewa suna sake zuwa.

"Sanyin motar nan ne," ya ce da jama'a. "Mura ce."

"Ai kilim mugun abu ne, Alhaji," in ji liman.

Duk mazan nan suka gyaɗa kai suna kallon tabarma, wani ma ya ce ƙanensa ya taɓa yin irinta. Malam ya matso ya ce laifinsa ne, shi ya matsa sai an gyara. Ban taɓa ganin mutum ya karɓi laifi fuskarsa tana haske haka ba.

Aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan Baba, mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida, tawa ta fi ta kowa. Aka raba dabino da wani dogon burodi mai kama da muciya, wanda in ba ka tsoma shi a romo ba sai ya yanke maka dasashi. Matar Yaya yarinya ce mai kunya da hankali, tana ta kirana madam don an ce mata ina koyarwa a lakwal, wato makaranta. Da aka kai wa Baba jaririn, murar ta sake tashi. Da Yaya ya kwance buhu ya ɗebi dawar ya gane ta gonarsu ce, shi ma sai ya kamu, shi da bai shiga motar ba.

Mun yi kwana biyu muka juyo, gilashi a sauke tun daga Dungas har gida, motar ko tari ba ta yi ba. Baba da Malam suka yi ta hirar taki da farkon damina, ni a baya ba mai nemana, na yi barcina. Malam ya rantse mini a Gumel cewa shi da esi har abada, bel ɗin ma zai ba masu ɗaurin akuya.

A Gwaram, bayan an sauke tsaraba Inna ta gama tambayoyinta, Malam ya durƙusa ya yi sallama ya koma mota. Baba ya kira ni bakin dakali.

"Auta, ki gaya masa ya mayar da abin sanyin nan. A duba injin sosai, amma a mayar. Da kaka za mu koma."

"Baba, kai da ka kusa sandarewa?"

Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya.

"Ke ba ki da wayo. In na je ba mura, me zan ce musu ya sa idona ruwa?"